Garin da Na Ba Kawuna

Kafin a kai ni gidan yari ina da shagon cajin waya a Ikara, kuma abin da nake samu yana riƙe ni da mahaifiyata. Zaman shago ne ya sa na yawaita kallon bidiyon masu tallar maganin ƙarin lafiya: na ƙiba, na suga, na ƙarfin jiki. Na lura ba mai tambayar abin da ke cikin robar. Hoton da da na yanzu kawai ake son gani.

Na san inda zan samu irin wannan hoton. Duk ɗan ƙauye ya san manomi yana ramewa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga kuma aiki, da kaka sai ya murmure. Sai na ɗauki wasu manoman Paki a waya suna cikin rama, na sake ɗaukarsu bayan an girbe masara, na haɗa biyun a bidiyo na watsa, na ce wani garin magani nawa ne ya cika su. Garin kuwa masara ce da kuka da ɗan kanumfari don ƙamshi. Na zuba a robobi, na buga takarda na liƙa: yana maganin rama, suga da hawan jini.

Mutanen birni suka yi ta saye. Ranar kasuwar Makarfi nake ba direbobi kwalaye. Nakan ce wa kaina ba guba nake sayarwa ba, kuka ce.

Wata rana bayan la'asar kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo daga Kudan. Manomin rake ne, ya daɗe da ciwon suga. Wani maƙwabcinsa ne ya nuna masa bidiyon. Akwai masu saye a shagon lokacin.

Ya ce, "Ɗan nan, kana warkar da mutanen Legas, kawunka yana shan allura kamar saniya?"

Na ce, "Kawu, wannan ba irin naka ba ne."

"Ga suga an rubuta. Ko kunyar karɓar kuɗina kake ji?"

Aka yi dariya. Da na faɗi gaskiya, a gaban masu sayen zan faɗa. Na miƙa masa roba. A bakin ƙofa na ce ya haɗa da na asibiti, amma a hankali na faɗa, don kada a ji. Ya ce mai maganin gida me zai yi da layin asibiti.

Ya daina allura. Lokacin saran rake ya yanke a yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Mahaifiyata ta tura ni in duba shi. Tun daga zaure na ji warin. Na tarar yana barbaɗa garina a kan ciwon. Na durƙusa na gaya masa abin da ke ciki, na roƙe shi mu tafi Zariya. Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce ni na niƙa shi.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan ya nemi ganin robar, ya kai rahoto, aka kama ni. A kotu ban yi gardama ba.

Na gama wa'adina, na tuba, ina roƙon Allah gafara. Amma bidiyon yana nan yana yawo, wani ya ɗora lambar wayarsa a kai, kuma ba ni da yadda zan cire shi. Matasa, in kun ga irinsa, ku sani ni na san yadda ake haɗa shi. Mai ciwo ya kai robar wa likita kafin ya sha, kada ya ajiye maganin asibiti saboda hoto. Wanda kuma sana'ar ta ba shi sha'awa, ya sani danginsa ma suna da waya.

Kawu ya ce ya yafe mini. In na gaishe shi yana amsawa, amma har yau bai ƙara karɓar ko ruwa daga hannuna ba.