Hulata ta riƙe mini kujera a jirgin ƙasa

'Yan Kalgo, ku ji abin da ya same ni yau a Ikko!

Na shiga jirgin ƙasa da kumburarriyar ƙafar nan tawa. Taragai kaɗan, wai sauran suna wurin gyara. Da ƙyar na samu kujera. Fitsari ya matse ni, na aza hulata a kan kujerar kamar yadda muke yi a tashar mota, na sauka.

Na dawo, jirgi ya cika maƙil, mutane tsaye har ƙofa! Sai ga wani ƙato ya tokare kujerata, ana ta zagin shi.

Ya ce, "Kawu, hularka ce?"

Na ce, "Tawa ce."

Ya ce, "Nan ba su san haka ba. Ni ɗan Gwandu ne. Zauna!"

Har muka iso yana tsaye. Allah ya biya shi!