Ranar da Kakana Ya Kwance Rawani

Har yau in na ji ƙarar usur, sai gabana ya faɗi, ko da kuwa yara ne ke buga ƙwallo a bayan gida. Usur ne ke shelar zuwan kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu sa'ad da nake yarinya, a wani ƙauye kusa da Matameye. Kakana ne mai gari.

Shekarar da aka ce za a jefa ƙuri'a, i ko a'a ga zama ƙarƙashin Faransa, damina ta yi kyau, gyaɗa ta kusa isa tono. Amma gidanmu babu daɗi. Mahaifina yana cikin masu cewa a'a, har suna taruwa a gindin tsamiyar gonarsa. Kakana kuwa mutum ne da ba a maimaita masa magana. In ya yi gyaran murya a zaure, ko tabarya sai ta tsaya.

Wata ranar kasuwa kumandan ya tara masu gari a Matameye. Ina riƙe da zanen kakata, muna cikin mata daga nesa, rana na dukanmu. Kumandan yana magana, tafinta na juyawa zuwa Hausa. Ya ce ƙasa doki ce, linzami ɗaya, hannu ɗaya. Ya ce talaka yaro ne, ba a tambayar yaro ko zai sha magani. Wanda ya koya wa talaka cewa a'a, in ji shi, ya fi ɓarawo ɓarna. Na ga kakana yana gyaɗa kai, kuma ba don tsoro ba. Ra'ayinsa ke nan tun fil azal.

Sai kumandan ya nuna shi da sanda. Ya ce an gaya masa ana taro a garin kakana, yana son sunayen masu yi, nan take.

Kakata ta matse mini hannu har ƙashi ya yi zafi.

"Ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa gaskiya ne," in ji kakana. "Ni ma haka nake riƙe da gidana. Amma sunaye ba za su fito daga bakina ba."

Tafinta ya juya maganar. Fuskar kumandan ta yi ja. Ya ce mai garin da ba ya kawo sunaye ba mai gari ba ne. Dogarai biyu suka matso. Kakana bai jira hannunsu ba. Ya kwance rawaninsa da kansa, sannu a hankali, ya naɗe shi, ya ajiye a kan tabarma. Ban taɓa ganin kansa babu komai a bainar jama'a ba sai ranar. Ashe duk furfura ce.

Da muka koma, ya sa aka kira mahaifina daga gona. Bai ba shi wurin zama ba.

"Kai ba ka da gaskiya, kuma ba zan taɓa cewa kana da ita ba. Ɗauki buhunka ka bi ta Ɗan Barto, ka tsallaka iyaka kafin la'asar."

"Baba, gyaɗar fa?"

"Ni zan tona."

Shi ya tona kuwa, da tsufansa, muna bin sa muna kakkaɓewa. Waɗanda a da suke zubewa su gaishe shi suka koma kauda kai in sun wuce gonar. Mahaifina bai dawo ba sai bayan Turawa sun tafi, ya tarar an riga an binne kakana. Bai yi kuka a gabanmu ba. Ya dai yi kwanaki ba ya iya wucewa ta zaure.

Yanzu jikokina kan zauna a tsakar gida suna musun siyasa da ƙarfi, wannan ya zagi mai mulki, wancan ya kare shi, sa'an nan su sa hannu a kwano ɗaya. Ba na hana su. Amma ba su san cewa duk lokacin da muryarsu ta tashi, ni ƙofar gida nake kallo ba.