Zaren Ƙafa

Tela ake ce mata a layinsu, amma kafin ta cika sha biyu Barewa ne sunanta. Daga bakin famfo zuwa ƙofar makaranta ba yaron da ba ta bari a baya ba, har da yayanta da ya ba ta shekara biyu.

Ranar da ta tsere masa a gaban abokansa, ya shigo gida yana huci. Goggo, ƙanwar babansu, ta ƙare wa ƙirjin yarinyar kallo ta ce, "Kin girma." Ta tsinko zare ɗan guntu ta ɗaure mata tsakanin idon sawu biyu. In ya tsinke, bulala. Wata uku tana yawo a tsakar gida kamar kazar da za a kai kasuwa. Shi kuwa yaya takalmin ƙwallo aka saya masa. Yau direba ne mai ƙaton tumbi, yana cika mutane da labarin gudun da bai taɓa yi ba.

Shekara ashirin da biyar ta yi a kan keken ɗinki, ƙafar nan ba ta da aiki sai taka feda. Da ta fara kumbura likita ya ce ta dinga motsa jiki. Ta yi dariya har da hawaye.

Sai ga Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta gado ƙafar. Ta shigo shago da takardar gasar gudu ta makarantu.

"Mama, sa min hannu. Malam ya ce ko mazan ajinmu ba mai kamo ni."

Tela ta sa hannu, kuma wallahi ta ji daɗi. Amma bakin masu kawo ɗinki ba ya hutawa.

"Wai 'yarki ce ke zabga gudu gaban maza? Ai kin yi sake," in ji wata maƙwabciya tana gwada riga.

Kunya ta kama Tela. A ƙarƙashin kunyar kuma akwai abin da ya fi ta muni, ita ma ta sani: hassada ce. Don me wannan za ta samu abin da aka hana ta?

Ba ta hana ba. Cewa ta yi, "Kawo siket ɗin makarantar in gyara miki." A cikinsa 'yan mata ke gudu. Ta farke gefe, ta tsuke ƙasan, ta bi ɗinkin sau biyu. Tafiya lafiya lau, sai an buɗe ƙafa. Ko tef ɗin awo ba ta ɗauka ba, ƙafarta ba ta manta tsawon zaren ba.

Ranar gasa Tela ta tsaya bayan wayar da ta kewaye filin. Aka hura usur. A taku na uku Auta ta kifa da baki. Ta miƙe, ta yunƙura, ta sake kifawa. Samari suka kwashe da dariya. Siket ko gezau, ɗinkin Tela ba ya farkewa.

Auta ta zo bakin wayar, leɓe na jini, ta juya bakin siket ɗin ta ga ɗinki layi biyu. Ta san hannun uwarta.

"Mama?"

"Kin girma," in ji Tela.

Tun ranar Auta a hankali take tafiya, kai a ƙasa. Har yau maƙwabta suna yaba wa Tela tarbiyya.