Ƙaryar da Garba Ya Yi wa Duna

Wana Garba ya yi wa kwikwiyona ƙaryar hauka. Anka kashe shi da gora bayan rumbunmu, anka ƙone ƙafar yarinyar da ba ta san hawa ba balle sauka, ni kuma anka karɓe mini allo. Ɓarna uku ke nan da baki guda, ranar wata Laraba a Maikujera, bayan an yanke gero, shekarar da gulbin Rima ya kwanta bisa fadama ya cinye shinkafar mutane. Ina da shekara goma sha ɗaya. Wanda duk ya ga rubutun nan nawa karkatacce, to kada ya yi dariya, a nan karatuna ya tsaya.

Kwikwiyon daga Boyekai na zo da shi. Kakana na wajen uwa, Nomau, maharbi ne can, kuma karyarsa ta haifi biyar a cikin tsohon ramin gini. Da munka je gaishe shi tsakiyar damina, ya ɗauko baƙin cikinsu ta fatar wuya ya aza mini a hannu, ya ce in kai gida ya riƙa korar birai daga gona. Ubanmu bai so ba, amma ba a mayar da kyautar suruki. Ya kafa sharaɗi biyu: kare ba shi shiga zaure, ba shi kusantar randa. Na yi masa ɗan rufi da kara a gindin rumbu, na sa masa suna Duna. Duk safiya kafin in tafi makaranta sai na cuɗe hannuna da ƙasa na wanke sau bakwai kamar yadda Malam ya koya muna, don kada in taɓa allo da yawun kare. Na kai Tabaraka lokacin, kuma Malam kan sa ni in biya wa ƙanana.

Duna cizo gare shi kamar me. Haƙoransa ƙanana, tsini kamar ƙayar aduwa. Ya ci bakin zanen innata, ya ci igiyar guga, ya tauna takalmin ubanmu ƙafa guda, dunduniyata kuwa kullum da sabon kwarzane. In ya ga mutum ya dawo daga gona sai ya rikice, ya yi ta zagaya tsakar gida, kaji na tashi sama, turmi ma ba shi gani sai ya yi karo da shi. Amma Kaka Nomau ya riga ya faɗa mini yadda zan yi. “Kwikwiyo ba shi cizo don mugunta,” in ji shi, “dasashi ka yi mai ƙaiƙayi.” Ya ce in ya kama hannuna kada in fizge, don abin da ke gudu shi kare ka bi. In yi ƙara guda mai kaifi irin ta ɗan'uwansa in an cije shi, in saki hannun ya mutu, in juya masa baya kamar babu shi a duniya. In ya saki ya zauna, sannan in miƙa masa guntun ƙirgi, busasshiyar fatar shanu, ya tauna son ransa. In kuma zumuɗi ya hau masa kai, kada in doke shi, in ɗauke shi in kai inuwar rumbu, in dafa ƙirjinsa har numfashinsa ya kwanta. Abu guda ya maimaita mini har bakin danga: “Hannun mutum ba abin wasa ba ne. Ranar da kak koya mai hannu, ka kashe shi.”

Haka na yi wata biyu. Bayan an taso daga karatun safe in ɗauke shi mu tafi gona, shi bi kunya-kunya shina kora fara, shi yi wa birai haushi da 'yar muryarsa suna bisa kirya suna kallonsa, mu dawo ya gaji liƙis. Yaran unguwa in suna langa a fili na hana su yi kusa da shi, don tsallen ƙafa guda na tayar masa da hankali. Sunka riƙa kirana uban kare, ban kula ba. Kwarzanen ƙafata ya warke. Ya kai in sa yatsa a bakinsa shi riƙe a hankali shi saki, shi dube ni. Innata da kanta ta fara ajiye masa ƙanzo.

Sai abu ya fara lalacewa ban san dalili ba. In dawo makaranta in iske Duna na haki, idanu jajaye, in miƙa hannu shi cafke da ƙarfi har da girgiza kai. In yi ƙarar nan, ba shi saki. Na yi kwana da kwanaki ina zargin kaina. Ranar da ciwon ciki ya maido ni gida da hantsi, sannan na gani. Garba, wanda ya girme ni da shekara shida, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗaure Duna a turken akuya. Ya naɗe damtsensa da tsumma, shina kai masa a baki shina fizgewa, shina zungurarsa da kara, shina cewa “Kama! Kama!” Gefe guda ga kasko da tuwon jiya, an dandaƙa rina mai harbi an cuɗa ciki. Samari sun ce in an ba kare rina zuciyarsa kan yi zafi. Garba farautar rani yake hange, shina so ya shiga daji da kare mai faɗa, 'yan mata su ji labari. Na yi kuka, na ce zan faɗa wa Baba. Ya murɗe mini kunne har na durƙusa, ya ce kare na gida ne ba nawa ba, kuma in na buɗe baki shi zai faɗa wa Malam cewa tabarma guda nake kwana da kare. Ƙarya ce, amma na ji tsoro, na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ban aza wa kowa shi ba.

Da safe Garba ya kwance tarbiyyar da na yi masa, da rana in sake ɗaurawa. Kwikwiyon ya rasa wanda zai bi. Ranar Larabar nan ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, Hajo 'yar Malam, yarinya 'yar shekara shida, ta shigo da gudu an aiko ta karɓar rariya, bakin zanenta na kaɗawa. Duna bai daɗe da fita hannun Garba ba. Ya bi ta ya kama sha-raɓarta. Na yi tsawa, ya saki nan take, ya kwanta ya sa kai ƙasa. Huda biyu ne, jini bai cika cokali ba. Abin da ruwan zafi da ganye za su warkar cikin kwana uku.

Amma ihun yarinya ya tara unguwa, Malam ya zo da kansa, ubanmu ya fito fuska a murtuke shina tambayar wa ya lalata kare haka. Na ga Garba ya dubi tsumman da ke rataye a danga, duk huda-hudar haƙori. Sai ya riga kowa magana. Ya ce kwana uku ke nan shina ganin kumfa a bakin kare, kuma jiya ya miƙa masa ruwa ya gudu. Kowa ya ja da baya. A ƙasarmu in anka ambaci haukan kare magana ta ƙare, don akwai tsofaffin da sunka ga mutum ya mutu ɗaure shina haushi. Na ce a kawo ruwa yanzu a gani ko zai sha. Na faɗa sau biyu. Ubanmu ya kwaɗa mini mari, ya ce yaro ba shi ƙaryata wansa gaban mutane. Garba ya ja Duna bayan rumbu da igiya, kwikwiyon na bin sa shina kaɗa wutsiya, ya ɗauka wasan nan ne. Gora uku na ji.

Ba a tsaya nan ba. Tunda an ce mahaukaci ne, dole a ƙone dafin. Anka kira wanzami, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, mata huɗu sunka danne Hajo, anka yi mata lalas a wurin cizon. Ban manta warin ba. Ƙunar ta ruɓe, ta ci jijiya, Hajo ta tashi da ɗingishi har yau. Ranar da anka koma karatu na je makaranta, Malam bai dube ni ba. Ya sa babban ɗalibi ya karɓi allona ya wanke, ya ce wanda ya fifita kare bisa karatu ya je ya yi kiwon kare. Ban ga laifinsa sosai ba, uba ne da 'yarsa ke kwance. Ubanmu don kunya bai nemi wata makaranta ba, ya miƙa mini hauya.

Shekara kusan arba'in ke nan. Waɗanda nake biya wa karatu yau su ke limanci, ni ina bayan sahu. Rumbun ya rushe, wurin ya zama turken jakai, Kaka Nomau da ubanmu duk sun riga mu gidan gaskiya. Wani lokaci in ina noma ni kaɗai nakan ji kamar wani abu na bin dunduniyata a kunya, in waiga, ba kowa. Yaro na iya jure mari, abin da ba ya warkewa shi ne ya faɗi gaskiya a ƙi kawo ko kwanon ruwa a gwada.

Garba ya koma Wurno, ya yi arziki da fataucin fata. Bara na je sunan jikarsa. Muna zaune ƙofar gida da manyan baƙinsa, sai ga wani kwikwiyo ja ya fito shina jan rigar wani yaro. Garba ya yi dariya, ya juyo gare ni.

“Sanda, kai da kas san sha'anin karnuka tun kana yaro, mi za a yi ma wanga? Ya hana jikokina sakat da cizo.”

Na dube shi da kyau. Babu komai a fuskarsa, ya manta ƙaf. Na faɗa masa yadda ake yi, ƙarar da juya baya da ƙirgi da inuwa, ban rage komai ba, don kwikwiyon bai yi mini laifi ba. Sannan na miƙe tsaye, na ɗauki sandata.

Na ce, “Maganin ke nan, Yaya, kuma shina ci, don ya ci ga Duna kahin ka lalata shi. Duna bai yi hauka ba. Kai kab ba shi rina, kai kak koya mai hannu, da kag ga asirinka zai tonu kay yi mai ƙarya. Allona na bar ka da Allah. Amma Hajo na nan Maikujera tana jan ƙahwa zuwa rijiya, har yau tana zaton wutar nan ita tac ceci ranta. Ka tai ka hwaɗa mata da bakinka, kahin a binne ɗayanku.”