Danƙon da Ya Manne a Farantai

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na wanke farantan na'urar tace iska a tsakar gidanmu na Pitowa.

Baba ya daɗe yana fama da asma. Mu duka a gidan, ƙurar auduga muka ɗora wa laifi, musamman Inna, mahaifiyata, wadda motar auduga ba ta wucewa ba ta ja tsaki ba. Da likita a Garwa ya ce ko a gyara iskar ɗakinsa ko ya bar garin, Baba ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Ni kuwa gyaran lantarki ne sana'ata, ga karambani, sai na samo masa na'urar. Aikinta ba wuya: ta zuƙo iska, ta sa wa ƙura da hayaƙi cajin lantarki, su manne a jikin wasu farantan ƙarfe, iskar ta fito tas.

Bayan sati biyu na zo wanki. Na kashe ta, na zaro farantan, ina jiran in ga farar ƙurar auduga in yi ta cika baki. Wani baƙin danƙo na tarar, kamar gindin tukunya. Ina zuba ruwan zafi sai ƙamshi ya cika tsakar gida.

Inna na tsintar shinkafa. Ta ajiye faifan, ta taso, ta dangwala yatsa ta shinshina.

"Wannan ai turarena ne," in ji ta. "Wanda nake haɗawa da hannuna."

Tun tana amarya take kai kaskon turaren wuta ɗakin Baba kullum bayan la'asar, ta rufe ƙofa da taga kada ƙamshin ya fice. Da ciwon ya tsananta ma ƙarawa ta yi, don ta faranta masa.

"Wato abin da ke ƙirjin Malam ke nan?"

"Inna, sai an tambayi dokta a lopital," na ce, ina nufin asibitin Garwa. Tausayinta ne ya hana ni amsa mata kai tsaye.

Ba ta jira dokta ba. Ta ɗauko kaskon ta kife shi bayan randa. Baba bai warke sarai ba, amma tarin ya ragu, bai kuma bar Pitowa ba. Da ya tambayi abin da ya sa ɗakinsa ya daina ƙamshi, ta ce ta gaji da hura gawayi.

Tun ranar, kafin in zargi na waje, nakan fara duba abin da muke shigarwa ɗaki da hannunmu, ko da ƙauna ce ta kawo shi.