Murhun Totuwa da Na Kai a Sa wa Albarka

Ko tsufa zai cinye min sauran tunani, ba zan manta ranar da na hau benen wata lauya a Sabon Gari da murhu a kafaɗa ba.

Ni mai walda ne a Samaru. Tarin da hayaƙin itace ya sa wa maiɗakina ne ya sa na fara ƙera murhun da zai ci totuwar masara, wadda manoma ke zubarwa a banza. Shekara uku ina yankan ƙarfe ina ɓatawa, kafin na gano yadda zan jera ramukan iska wuta ta kama ba hayaƙi. Rami ɗaya ma ya karkace, hannuna ne ya goce, na bar shi haka.

To, mu an rene mu a kan in ka sami sabon abu ka kai wa manya su sa albarka. Na kai shi ƙofar masallaci bayan la'asar, na kai wa mai unguwa. Duk wanda ya tambaya sai na buɗe masa cikin, don kada a ce na yi rowa. Har bidiyo na ɗauka ina nuna ramukan ɗaya bayan ɗaya, na tura wa 'yan unguwa ta waya. Albarka kam na sha ta.

Bayan damina maiɗakina ta miƙo min wayarta. "Malam, wannan ba murhunka ba ne?"

Shi ne. An shafa masa koren fenti, an manna sunan wani shago, ana tallarsa a intanet har da cewa su suka ƙirƙiro. Wannan kalmar ce ta ƙona min rai, shi ya sa na nemi lauya.

"Baba, ka yi masa rajista?" ta tambaye ni.

"A'a, amma duk Samaru shaida ce. Ga ma bidiyo." Na miƙa mata wayata ina hura hanci.

Ta kalla har ƙarshe, ta cire tabarau. "Baba, bidiyon nan shi ne matsalar. Doka tana kare ƙirƙirar da ba a riga an bayyana wa jama'a ba. Kai kuwa da bakinka ka bayyana."

"Wato shaidata ce ta kayar da ni?"

"Su ma ba za su mallake shi ba. Amma ba ka da ikon hana kowa ƙerawa."

Ban yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Na saɓa murhuna na sauko, ina hutawa a kowane mataki. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya magani.

Watanni bayan haka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo shagona da koren murhu, tana fara'a. "Malam, 'yata ce ta saya min ta waya. Ba ya hayaƙi ko kaɗan. Ka sa min albarka."

Na juya shi na leƙa ciki. Ga ramukana a jere, har da karkataccen.

"Allah ya sa albarka, Inna," na ce, kuma har zuciyata na faɗa.

Har yau ban daina kai abu wa manya ba. Sai dai na koyi cewa rajista ake fara yi kafin a je neman albarka, don masu sa albarka ba su kaɗai ke kallo ba.