Ƙafar Baba da Madubin Aurena

Shekarun baya can, kafin 'yancin kai, ina amarya a Gumel, mahaifina yana fataucin gero zuwa kasuwar Maigatari. Abin alfaharinsa a duniya shi ne ƙafarsa. Ba ya sa takalmi, yana taka ƙaya bai ji ba, ya ce tafinsa ya fi na raƙumi. Ni ma har cika baki nake yi da shi a gidan miji.

Wata rana mahaifiyata ta ga jini a buzunsa na salla. Aka duba, sai ga rami a ƙasan babban yatsa, shi kuwa bai san da shi ba. Ta cusa toka da man shanu, ta ɗaure da tsumma. Maimakon sauƙi, ƙafar ta kumbura, ta fara wari.

Da ƙyar muka ɗora shi a jaki zuwa asibiti. Malamin asibitin ya tambaya ko tururuwa na taruwa inda yake fitsari. Muka ce sosai. Ya ce, "Baba, ciwon suga ne ya kashe maka jin ƙafa. Cikin ramin nan akwai ƙwayoyin cuta, ido ba ya ganinsu. Zaƙin jininka suke sha, tsumman nan kuma ya zame musu ɗaki. In suka kai ƙashi, sai Kano, a yanke ƙafar."

Ni na fashe da kuka. Baba kuwa ya ce, "Wato baƙi nake ciyarwa, ko sallama ba su yi mini ba? To, an rufe tukunya."

Ya bar rake da zuma. Kullum a wanke ciwon da tafasasshen ruwan gishiri, ga allura. Aka ce kuma ya riƙa duba tafinsa kowace safiya, amma tumbi ya hana. Sai ya aika a karɓo madubin aurena, wai aro. Har ya bar duniya bai dawo da shi ba, sai bayan rasuwarsa madubin ya dawo hannuna.

Sai da aka yi girbi ramin ya cike. Ranar sunan 'yata ta fari, ya shigo da ƙafafunsa biyu, cikin takalmin fata, yana tafiya kamar ɗan koyo.

Yanzu ciwon ya zo kaina. Kowace safiya nakan sa madubin nan a ƙasa in duba tafina, in yi dariya ni kaɗai, in ce Baba ya dawo da aro.